Amsar Baffa kan shiga kufai da wanka a ruwan ɗumi

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar. Ka ce 'yan ajinku a can Turkiyya sun shirya zuwa Pamukkale in an yi hutu, ku ga kufan birnin Hierapolis, ku shiga ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, amma innarka ta ce ba a shiga kufai. Kana tambaya ko da gaske al'adarmu ta hana.

Innarka ba ta yi ƙarya ba, rabin zancen ta ba ka. Mu ma haka aka rene mu. Kufan nan na gabas da gari, inda kakanninmu suka zauna kafin su taso, da muna yara in muka kora awaki ta wajen ba ma kusantarsa da rana tsaka ko da almuru. An ce mana masu wuri suna nan. Sai da na girma na gane akwai tsohuwar rijiya da ciyawa ta rufe bakinta, ga ramukan shadda, ga kububuwa a gindin kowane kango, ga kaburburan da alamarsu ta ɓace. Yaro ba ya jin "akwai rami", amma yana jin "akwai aljani". Ban ce babu aljanun ba, wannan sanin na Allah ne. Sai dai manya suna shiga. Su yi bisimilla, su yi sallama, ba ɗaga murya, ba tsugunawa fitsari, kuma ko tsingaro ba a ɗaukowa a kawo gida. Iyakar al'adar ke nan.

A addini kuwa, Alƙur'ani ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Inda malamai ke jan kunne shi ne wuraren da azaba ta sauka. A shekara ta 9 bayan hijira, kan hanyar Tabuka, Manzon Allah (SAW) ya bi ta Hijir, garin Samudawan Annabi Salihu, inda yanzu ake kira Mada'in Salih. Ya hana sahabbai shiga gidajensu sai suna masu kuka, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo a rijiyoyinsu, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Hierapolis ba ta cikin garuruwan da aka ambata da haka. An kafa ta tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka raya ta, girgizar ƙasa ta yi ta rusa ta ana sake gini har mutanenta suka watse. Amma tana da maƙabarta mai kaburbura fiye da 1,000. In kun isa can, ka bar abokanka su yi ta hawa duwatsu suna hoto, kai kada ka taka kabarin ɗan Adam, ko wane addini ya yi.

Su ma mutanen wancan zamani suna da nasu masu wurin. Akwai wani kogo da suka ɗauka ƙofar lahira ce, don duk bijimin da aka kai bakinsa sai ya faɗi matacce. Ashe wata iska ce mai nauyi ke fitowa ta kwanta ƙasa-ƙasa, irin wadda ke shaƙe mai haƙar rijiya in ya yi zurfi.

Shi ruwan ba ruwansa. Wannan fannina ne, ka san labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. Ruwan sama ne ya nutse, ya tarar da zafin cikin ƙasa, ya narko farar ƙasa ya fito da ita. In ya sha iska sai farar ta daskare, ita ta yi farin tudun nan da Turkawa suka laƙaba wa suna Pamukkale, wato ganuwar auduga. Ɗuminsa wajen digiri 35 ne. Namu na Wikki a Yankari 31 ne, na kai ɗalibai sun yi wanka, babu wanda ya dawo da iska.

Inda nake so ka saurare ni shi ne kunya. Akwai wani tafki da ginshiƙan Rumawa suka faɗa ciki, maza da mata na iyo tare, kusan tsirara. A nan ko kududdufi ne, in mata na wanki namiji mai hankali zagayawa yake. Wandonka ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa, in kuma ka ga idonka ba zai tsaru ba, tsoma ƙafa a kan farin tudun ya ishe ka. Dama dole ne a cire takalmi a wurin, don kada a ɓata shi. Kuma ka bar musu duwatsunsu. Tun 1988 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, dokar Turkiyya ta hana fita da irinsu, a filin jirgi ake tsare mutum.

Na yi wa innarka wannan bayanin jiya. Ta yi shiru, can ta ce ko ruwan na maganin ciwon gwiwa, ka ɗebo mata a gora. Na ce mata ɗumin ne ke sassauta ciwon, kafin ya iso Birnin Kudu ya zama ruwan randa. Ta ce to, amma ka kira ta ranar da za ku tashi, ka kuma kira in kun dawo.