Ko toshe GSK-3 zai dawo wa Baba da tunaninsa?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana da ciwon suga da hawan jini, yanzu kuma an ce cutar mantuwa ta Alzheimer ce ta kama shi, har sunayen jikokinsa suna ɓace masa. Na ga wani a Facebook yana tallar ƙwayar litiyam, wai tana kashe sinadarin GSK-3, tushen suga da daji da mantuwa. Mu saya masa? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa, amma kada ku saya.

Mai tallan bai ƙirƙiri sunan ba. An gano GSK-3, wani furotin da ke aiki a cikin ƙwayoyin halittar jiki, a 1980 a ɗakin binciken Philip Cohen da ke Dundee, kuma kullum a bakin aiki yake sai an tsayar da shi. Insulin ce ke taka masa birki ta hannun wani furotin mai suna Akt, sannan hanta da tsoka su samu damar ajiye suga. A ƙwaƙwalwa kuwa yana liƙa fosfet a jikin furotin tau, wanda ke cukurkuɗewa a cutar Alzheimer. Tun 1996 aka san litiyam na rage masa ƙarfi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya, shi ne tunanin cewa duk sinadarin da aka ambata tare da cuta maƙiyi ne da ya kamata a kashe. Wannan GSK-3 ɗin shi ne ke sa wa beta-katenin, furotin da ke ingiza ƙwayoyin halitta su hayayyafa, alamar a rushe shi. Idan wannan tsari ya lalace, ƙwayoyin halitta sukan yi ta hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, kamar yadda ake gani a yawancin dajin babban hanji. A dajin saifar suga (pancreas, gaɓar da ke samar da insulin) kuma taimakon ciwon dajin GSK-3 yake yi. To, wanne mai tallan zai kashe, wanne zai bari? An ma gwada maganin tideglusib, mai toshe shi kai tsaye, a kan masu Alzheimer, bai nuna amfani ba.

Litiyam magani ne na gaske ga masu lalurar sauyin yanayin rai, amma tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba tazarar ba ta da yawa: daga kimanin milimol 0.6 zuwa 1.2 ake so a kowace litar jini, daga 1.5 kuwa an shiga haɗari. Ƙoda ce ke fitar da shi, ƙodar dattijo mai suga kuwa ta riga ta gaji. Ki haɗa da zafin bazara, da ƙarancin shan ruwa, da lisinopril na hawan jini, da diclofenac ɗin da ake yawan saya a kemis saboda ciwon gwiwa, sai ki ga hannu na karkarwa, harshe ya yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, iyali kuma su ɗauka mantuwar ce ta ƙaru. Mutumin da bai taɓa auna ƙodar Baba ba, da wane ido zai ga wannan?

Ku zuba duk magungunansa a leda, har na gargajiya, ku kai wa likitan ƙwaƙwalwa, ku nemi a auna ƙoda da sinadarin maƙoƙo (thyroid) da bitamin B12, musamman idan ya daɗe yana shan metformin na suga, domin ƙarancin B12 shi kaɗai yana iya kawo mantuwa.