Wuri na gugar wuri: wane wuri ake nufi?

Wata mai karatu daga Damagaram ta tambaya: "Malam, in an ce an biya kuɗi wuri na gugar wuri, wurin zama ake nufi?"

A'a, malama. Rubutun boko ne ya haɗa su, amma baki ya raba. Wurin zama murya a sama take har ƙarshe. Wannan kuwa ana sauke ta a gaɓar ƙarshe. Shi ne ɗan farin ƙoƙon nan mai tsaga a ciki da kakanninmu suka yi ciniki da shi, jam'insa kuma kuɗi. Ashe duk wanda ya ce "kuɗi" yau, ko naira yake nufi ko sefa, sunan wannan ƙoƙo yake kira.

Abin da ya fi burge ni shi ne wuri gidan wata halitta ce mai rai, 'yar'uwar dodon koɗi, sai dai ita a teku take. Tana zaune a ruwa marar zurfi mai ɗumi, cikin duwatsun murjani da ciyayin teku, tana kankarar gansakuka tana ci. Tana da wata fata mai laushi da take fitarwa ta lulluɓe bayan gidanta, ita ke sa shi santsi da sheƙi. Shi ya sa katantanwar bakin rafi ba ta ƙyalli irin nasa.

Mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ya zo. Mutanen can sukan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su manne, a janyo su bakin gaɓa a shanya har naman ya ruɓe, ƙoƙon ya rage. Da Barth, wani Bajamushe matafiyi, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne canjin dala ɗaya ta azurfa. Wuri 20,000 kuma shi ake kira keso, da sunan tabarmar da ake ƙunshe shi a ciki.

To, ki ƙaddara an sauke keso a Kasuwar Kurmi an zazzage. Masu ƙirga suna ja biyar-biyar da yatsu, wannan na gogar wancan, ƙarar na tashi. Wannan ƙarar ce maganar ta adana: kuɗi ne masu yawa, a hannu, babu bashi babu jeka-ka-dawo.