Idan bai yaba ba, sai in ji kamar ban iya komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a Birnin Kebbi, shekararmu uku da aure. Maigidana yana harkar albasa tsakanin Aliero da Jega, kuma bai rage ni da komai ba. Amma idan ya ci girkina bai ce ya yi daɗi ba, ko ya karanta saƙona a WhatsApp bai amsa ba, sai in wuni cikin ƙunci. Kullum ina tambayarsa ko har yanzu yana sona, har ya fara cewa na ishe shi. Ɗinkin da nake yi ma na ajiye, don bai taɓa yabawa ba. Laifina ne ko nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Mu ajiye maganar laifi tukuna. Son yabo ba aibi ba ne, kowa na so. Inda na tsaya a wasiƙarki shi ne keken ɗinkin nan da kika rufe. Sana'ar da kika iya, mata suna kawo miki atamfa suna biya, kin jingine ta saboda mutum ɗaya bai ce uffan ba. Kin damƙa masa ma'aunin darajarki ke nan, alhali shi bai ma san yana riƙe da shi ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan hali. A 1987, Cindy Hazan da Phillip Shaver a Amurka sun nuna cewa irin shaƙuwar da yaro ke yi da masu renonsa tana da alaƙa da yadda yake soyayya in ya girma, kuma akwai masu zama cikin fargabar za a guje su ko da ba wata alama. Kafin su, a 1976, James Coyne ya bayyana yadda mai neman tabbaci ba ƙaƙƙautawa yake gajiyar da na kusa da shi. Ga yadda abin ke juyawa: ki tambaya, ya ce yana sonki, ki samu sauƙi zuwa la'asar, sai zuciya ta ce ai don kin tambaya ne ya faɗa, ki sake tambaya, ya ƙosa, ƙosawar kuma ta zame miki hujjar cewa ya daina so. Kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Shi ma da nasa. Maza da yawa a nan sun taso ba su taɓa jin mahaifinsu ya yabi mahaifiyarsu a gabansu ba, kunya da kawaici sun hana. Sai son ya koma cefane da ledar tsire da daddare. Wannan bayani ne, ba uzuri ba, domin hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma mata tana cikin mutane. Sai dai shiru daban, wulaƙanci daban. Da kin ce yana kushe ki a gaban dangi, da amsata ta canza.

Ki buɗe keken nan cikin makon nan, ko da gyaran rigar yaro ne. Idan kin gama, ki duba ɗinkin da idonki: layin ya miƙe? Wuyan ya zauna? Ki yanke hukunci kafin kowa ya gani. Ki kuma tambayi kanki abin da kike girmamawa a rayuwa ko ba mai kallo, riƙon amana ne, karatu ne, zumunci ne, ki ba shi lokaci. Suratul Isra'i, aya ta 70, ta ce Allah ya girmama 'yan Adam, ba ta gindaya sharaɗin yabon miji ba.

Idan tambayar ko yana sonki ta taso miki, ki jinkirta ta rabin awa, ki kama wani aiki. Wanda ke tsakiyar lodin buhuna a kasuwa yana iya karanta saƙo ya mayar da wayar aljihu. Ranar da yake cikin nishaɗi kuma, maimakon "kana sona?", ki ce masa: "Maigida, idan ka ce girkina ya yi daɗi, ina jin daɗi ƙwarai." Wannan roƙo ne da zai iya cikawa.

In ƙuncin ya kai mako biyu a jere, da rashin barci ko ƙin cin abinci, ki je asibiti ki ga likita, domin ciwon damuwa yana da magani.