Amsa kan yadda Tambuwal ya bar PDP bai rasa kujerar kakaki ba

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, wai ta yaya Aminu Waziri Tambuwal ya fice daga PDP a 2014 amma ya ci gaba da zama kakakin Majalisar Wakilai. To, a saurara, sai an koma 2011 tukuna.

Lokacin PDP ta ware kujerar ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Tambuwal kuwa yana majalisar tun 2003, yana wakiltar Kebbe da Tambuwal, ya yi shugaban marasa rinjaye, ya yi mataimakin mai tsawatarwa, ya san kowa. Sai ya haɗa kan 'yan PDP da suka bijire da 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar ACN. Ranar 6 ga Yuni aka kaɗa ƙuri'a, ya samu 252, ita 90. Ka ga tun farko ba jam'iyya ce ta ɗora shi ba.

Yanzu ga dokar. Sashe na 50 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce 'yan majalisa ne ke zaɓen kakaki daga cikinsu, bai ce dole ɗan jam'iyya mai rinjaye ba. Tsige shi kuma sai da kashi biyu cikin uku, wato 240 daga 360. Ina PDP za ta samo su, alhali tun Disamban 2013 wakilanta 37 sun koma APC?

Saura ƙofa ɗaya, sashe na 68, wanda ya ce duk wanda ya sauya sheƙa ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyarsa ta rabu ko ta haɗe da wata. Magoya bayansa suka ce ai ta rabu, ga ɓangaren da ya ɓalle ya kira kansa sabuwar PDP, ga gwamnoni biyar sun tafi, har da Wamakko na Sakkwato. Kuma wa dokar ta ba ikon aiwatar da wannan a zauren? Kakakin da kansa. Ni dai a ganina wannan giɓi ne babba, ya kamata a gyara shi, ko wa ya amfana.

Shi ya sa da ya sanar da komawarsa APC ranar 28 ga Oktoban 2014, nan take ya ɗage zama zuwa 3 ga Disamba. Ba zama, ba ƙudurin tsigewa. 'Yan sanda suka janye masa masu tsaro. Ranar 20 ga Nuwamba, da aka kira zaman gaggawa kan tsawaita dokar ta-ɓaci a Adamawa, Borno da Yobe, aka kulle ƙofar majalisa, aka harba barkonon tsohuwa. Kun tuna hotunan nan, manya da malum-malum suna haura ƙofa. A ƙarshe abokansa suka shigar da shi zauren, shugaban Majalisar Dattawa David Mark ya rufe majalisar na 'yan kwanaki.

Ya kammala wa'adinsa a 2015, ya yi gwamnan Sakkwato shekara takwas, a tsakani ya koma PDP a 2018, sannan a 2023 ya zama sanatan Sakkwato ta Kudu. Mai kundin a hannu ya duba sassan nan biyu. Wassalam.