Tsarabar Teku: Zan Iya Ɗebo Murjani Da Kifi In Zuba A Tankina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 300. Akwai kifaye huɗu da 'yan murjani masu laushi a ciki, kuma alhamdu lillahi suna lafiya. Wata mai kamawa zan kai iyalina hutu Sharm El-Sheikh ta ƙasar Masar, a bakin Bahar Maliya. Wani abokina da ya taɓa zuwa ya ce murjani da taurarin teku suna nan birjik, a ruwa iya gwiwa. Shi ne nake tunanin in tafi da 'yar kula da ledoji, in ɓallo reshen murjani biyu ko uku, in haɗa da ɗan dutse mai rai, wato dutsen teku mai ƙananan halittu a jikinsa, da ƙaramin kifi in Allah ya sa na kama. Teku ce fa, me ɗan abin da zan ɗauka zai rage mata? Ka ba ni dabarar kawo su gida da rai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Amma kular nan, ka bar ta a gida. Na san wannan kwaɗayin sarai. Duk wanda ya saba kiwon murjani, ranar da ya sa madubin ninƙaya ya leƙa ƙasan teku ya ga abin da yake lallaɓawa a tanki ya cika ko'ina, sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Sai dai abin da ka ƙudurta ba zai kai ka inda kake so ba.

Mu fara da hukuma, tunda ita za ka fara karo da ita. Masar ta haramta ɗaukar murjani daga Bahar Maliya, rayayye ko matacce. Ras Muhammad da ke gefen Sharm gandun kariya ne tun 1983, ko tsinke ba a ɗauka a cikinsa. Ana duba kaya a filin jirgi, wanda aka kama an ƙwace, ga tara. Bayan dokar ƙasa kuma akwai yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, ƙasashe sama da 180 suna cikinta. Duk murjani mai ƙashin dutse yana cikin jerinta na biyu, haka baƙin murjani, da manyan kumbunan nan da ake kira Tridacna, da ɗan kifin da ake kira dokin teku wanda ya shiga a 2004. Ma'anar haka, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini daga ƙasar da aka ɗebo su. Shi ma dutse mai rai yawanci a ƙarƙashin murjani ake lissafa shi. Mai yawon hutu na mako ɗaya ba ya samun wannan takarda, domin ba don irinsa aka tsara ta ba.

To, mu ƙaddara babu doka. Yaya tafiyar za ta kasance? Masu safarar kifin ado sukan hana kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, don cikinsa ya zama fayau. Sai su sa kowane ɗaya a ledarsa, kashi ɗaya cikin uku ruwa, sauran kuma tsantsar iskar oksijin daga tukunya, a ɗaure, a jera cikin akwatin da ke riƙe zafi. Duk da wannan tanadi ana yin asara a hanya. Kai kuma kana ɗakin otal, ba tukunyar oksijin, ba injin motsa ruwa. Jakar hannu ba a shiga jirgi da ruwa fiye da mililita 100 a galibin filaye, jakar kaya kuma ana wurgi da ita, ta yi zafi a ƙasa, ta yi sanyi a hanya.

Ga abin da ke faruwa cikin ledar. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta sassan numfashinsa da ke gefen kansa, yana kuma fitar da gurɓatacciyar iskar numfashi. Wannan iskar takan sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma ya danne dafin amoniyar na ɗan lokaci. Da ka kwance ledar iska ta shiga, tsamin ya ragu, sai amoniyar da ta taru ta koma guba nan take. Shi ya sa za ka ga kifi ya iso yana motsi, a buɗe leda, bayan 'yan mintuna ya kwanta gefe yana haki. Murjani kuwa nasa salon daban. Da zarar ka ɓalle shi, sai ya fara zubo yauƙi mai kauri don ya kare kansa. A teku igiyar ruwa ce ke wanke masa shi. A leda yauƙin zama yake yi, ƙwayoyin cuta su hau kai, su cinye iskar da ta rage. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan ledar ba ya manta ta: ruwan ya yi fari kamar tsararon nono, ga wari, naman murjanin yana saɓulowa daga ƙashi zare-zare. Ƙari a kan haka, gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali tankinka, in ka daidaita shi yadda aka saba, 35 ne. Ko wannan tazarar kaɗai tana buƙatar a saba wa dabba da ita a hankali.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ya iso da rai. Tankinka yana zaune lafiya ne saboda ka san duk abin da ke cikinsa. Dutsen teku kuwa gida ne mai ramuka, ba ka san masu haya a ciki ba. Akwai wani irin jatan lande mai naushi da ke fasa katantanwa ya farauci ƙananan kifaye, sai dai ka riƙa jin ƙas-ƙas da dare kifinka na raguwa. Akwai ƙaguwa mai baƙin ƙarshen hannu da ke gutsurar murjani. Akwai tsutsar Eunice da kan wuce mita ɗaya, tana ɓoye cikin dutse watanni ba a gan ta ba. Akwai Aiptasia, 'yar halitta mai kama da fure da ke harbin murjani, in ka yanke ta kowane gutsure ya tsiro sabo. Kifin daji kuma yakan zo da cutar farin ɗigo ko wadda ke yi wa jiki kamar an barbaɗa ƙura, wannan ta biyun tana iya share kifin tanki cikin 'yan kwanaki. Maganin da ya fi ci a kansu na jan ƙarfe ne, shi kuma yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, don haka ba ya shiga babban tanki. In cutar ta shiga, sai ka kwashe kifin duka zuwa wani tanki, ka bar babban ba kifi wajen wata biyu da rabi. Kifayenka huɗu ba su yi laifin da za a jawo musu wannan ba.

Ka kula da jikinka ma, da na yara. Cikin murjani masu laushi akwai Palythoa, mai kama da ƙananan maɓallai a jere kan dutse. Wasu irinsa suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, wadda masana a Hawaii suka fara tacewa a 1971, tana cikin mafi ƙarfin guba da aka sani a halitta. Takan shiga ta ƙaramin yanka a hannu ko ta fantsama a ido, kuma an sha kwantar da iyali guda a asibiti saboda wani ya zuba wa dutse tafasasshen ruwa, tururin ya cika gida. Akwai kuma dodon koɗin teku mai siffar mazurari, mai zane kyakkyawa, irin wanda yaro zai tsinta ya jefa aljihu. Harbin wasunsu ya kashe mutane. Bahar Maliya tana da su, tana kuma da kifin da ke kwanciya a ƙasa kamar dutse, ƙayar bayansa cike da dafi. A sa wa yara takalmin ruwa, a gaya musu kallo kawai.

Taurarin tekun da abokinka ya gani, yawancinsu a tanki yunwa ce ke cinye su sannu a hankali, har hannuwansu su fara narkewa. Wasu kuma murjaninka za su hau su cinye.

Ka ce me ɗan abinka zai rage wa teku. Murjani mai dunƙule yakan ƙaru da wajen santimita ɗaya ne a shekara, mai rassa in ya samu wuri mai kyau ya kai goma. Dunƙulen da ya kai kan mutum ya girmi yaranka. Sannan ba tsakiyar teku kake ɗiba ba, bakin gaɓar da ke gaban otal ce, inda dubban mutane ke taka ruwa iya gwiwa kowane mako. In kowa ya ce nasa kaɗan ne, wurin da abokinka ya yaba ba zai kai ga 'ya'yanka ba. Ga shi kuwa duwatsun murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su, kuma ɗumamar ruwa ta riga ta galabaitar da su a wurare da yawa.

Ba ina cewa ɗiba daga teku haramun ce ko'ina ba. A jihar Florida ta Amurka, mai lasisin kamun kifin teku yana iya ɗibar halittu har 20 a rana, kada iri ɗaya ya wuce biyar, da sharaɗin yana da abin ba su iska har ya kai su tudu da rai. A can ma an hana taɓa murjani mai ƙashi da dutse mai rai. Masu yin wannan cikin nasara mutane ne da ke zaune kusa da ruwan, sun san sunan abin da suke kamawa da abin da yake ci, tankin killacewa na jiran su a gida, tafiyar awa ɗaya a mota. Halinka ba irin nasu ba ne.

Tsarabar da za ta amfani tankinka, da ido ake ɗebo ta. Ka sayi 'yar kyamara mai shiga ruwa. Ka lura da wane murjani ne ke sama inda rana ke dukansa igiya na kaɗa shi, wane ne ke laɓe a ƙarƙashin dutse. Ka duba tazarar da ke tsakanin iri biyu, za ka ga farin layi inda suke yaƙi. Ka ji yadda ruwa ke tura ka gaba ya dawo da kai, ka kwatanta da famfon tankinka mai hura ruwa gefe ɗaya. In ka dawo, ka nemi gutsuren murjanin da aka raina a tanki daga wurin masu kiwo irinka, domin ya riga ya saba da fitila da gishirin buhu. Kifi ma haka: ɗan kifin nan ruwan lemo mai fararen ɗamara ana hayayyafa shi a tanki tun shekarun 1970, yana cin abincin gwangwani, ya fi na daji juriya nesa ba kusa ba. Kowane sabon shiga kuma ya yi wata ɗaya zuwa mako shida a tankin killacewa tukuna.

Tambaya: Malam, kifina ya yi wa tanki girma, yana dukan sauran. Za mu je hutu bakin teku, ko in tafi da shi in sake shi ya huta?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, don Allah kada ki yi. Ga abin da sakin irin waɗannan halittu a teku ya taɓa jawowa: kifin zaki mai dogayen ƙayoyi ɗan tekun Indiya da Pasifik ne. An fara ganin sa a gaɓar Florida a 1985, kuma masana sun fi zargin masu tanki ne suka sake shi. Yau ya mamaye tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye, da ƙyar ake samun halittar da ke farautarsa. Haka ciyawar tanki mai suna Caulerpa taxifolia, an gan ta a ruwan Monako a 1984, daga nan ta bazu a Bahar Rum ta shafe ciyawar asali a wurare masu faɗi. Ko da kifinki ɗan wannan tekun ne, ya zauna da kifayen wasu tekuna, zai iya kai musu cutar da ba su sani ba. Ki ba wa mai tankin da ya fi naki girma, ko ki mayar wa wanda ya sayar miki, da yawansu suna karɓa su yi miki musaya da ƙarami.