Tambayoyi da Amsoshi: Leƙa Tsoffin Sansanonin Bakin Teku ta Hoton Tauraron Ɗan'adam

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zangon Kumasi. In na tashi daga shago da dare nakan buɗe Google Maps ina kallon garuruwa daga sama. Kwanan nan hankalina ya karkata ga tsoffin sansanonin Turawa na bakin teku irin na Elmina, amma farin gini kawai nake gani. Me ya kamata in riƙa dubawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Da farko ka sauke Google Earth, domin ya fi Google Maps dacewa da wannan aiki: za ka iya karkata hoton, ka auna nisa, ka kuma ajiye wuraren da ka gano. A gurbin bincike ka rubuta Elmina Castle, ko ka sa waɗannan lambobi: 5.0826, -1.3481. Kada ka manta da ɗan layin da ke gaban lamba ta biyu, shi ke nuna yamma. In ka cire shi, tsakiyar teku za ka tsinci kanka, kudu da Togo.

Yawancin mutane da zarar sun ga ginin sai su yi ta zuƙo shi kusa. Kai fara da ja da baya, har sai garin ya shigo allon gaba ɗaya. A nan za ka ga sansanin a ƙarshen wani siririn tsiri yake, teku ta gefe ɗaya, tafkin Benya ta ɗaya gefen cike da kwale-kwalen masunta. Turawan Fotugal da suka gina shi a 1482 zinariya ta kawo su, kuma sun zaɓi wurin da ruwa ya kusa kewaye shi, ga mafakar ƙananan jirage a bakin tafki. Ta ɓangaren tudu kaɗai maƙiyi zai iya tahowa da ƙafa, shi ya sa suka sassaƙe dutse suka yi gwalalo a wajen. Ka duba da kyau, za ka gan shi kamar baƙin layi a gaban ƙofa.

Daga nan ka ƙetare tafkin zuwa arewa. Akwai tudu, a kansa kuma wani ƙaramin sansani. A 1637 'yan Holan suka hau wannan tudu da igwa, suka yi ta ruwan wuta a kan babban ginin har Fotugal suka miƙa wuya. Da suka karɓe wurin sai suka gina sansanin Coenraadsburg a kan tudun, don kada wani ya yi musu abin da suka yi. Ka taɓa alamar rula ka ja layi tsakanin gine-ginen biyu, za ka ga 'yan ɗaruruwan mitoci ne kawai. Wanda ya auna wannan da yatsansa ya fahimci yaƙin fiye da wanda ya haddace shekarar.

Sai kusurwoyin ginin. Za ka ga sun turo kai waje kamar bakin mashi. An yi su haka ne don mai igwa a kusurwa ɗaya ya iya harbi ta jikin bango har zuwa ɗaya kusurwar, ba inda mai tsani zai raɓe ba a gan shi ba. Inuwar bango kuma ita za ta nuna maka wane sashe ya fi tsayi.

In ka gama, bi gaɓar zuwa gabas. Kafin ka yi nisa za ka tarar da sansanin Cape Coast, wanda 'yan Suwidin suka fara a 1653, daga baya ya koma hannun Ingila. A Ankara ma uku ne kusa da juna: James na Ingila, Ussher wanda asalinsa na Holan ne, da Christiansborg na Denmak a Osu. Wannan cunkoso ya nuna cewa tsoron junansu da kishin kasuwa ne suka sa su zuba duwatsun nan. Hukumar UNESCO ta sa sansanonin Gana cikin kayan tarihi na duniya a 1979.

Abu ɗaya nake roƙo. Daga sama farin fenti da shuɗin ruwa ake gani, abin sha'awa. Kurkukun da aka cusa bayin Allah maza da mata kafin a loda su a jirgi yana ƙasa, tauraro ba ya hango shi. Da yawansu daga arewa aka gangaro da su, kuma Salaga da fatakenmu ke zuwa sayen goro ita ma kasuwar bayi ce. Daga Kumasi tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Ka daure wata rana ka je ka shiga ɗakunan da ƙafarka.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Damagaram. Hoton nan kai tsaye yake zuwa? Ina so in nuna wa ɗalibai yadda teku ke cin waɗannan gine-gine.

Amsa: Malama, ba kai tsaye ba ne. Hotuna ne da aka ɗauka a lokuta daban-daban aka harhaɗa, wani ya yi wata shida, wani ya haura shekara biyu. Google Earth kan rubuta ranar ɗauka a ƙasan allo, ki saba da duba ta kafin ki ce wa yara komai.

Abin da zai biya miki buƙata shi ne sashen tsoffin hotuna. A Google Earth Pro na kwamfuta, wanda kyauta ne, alamar agogo ce a sama. Tun 2024 an kawo shi waya ma, da sunan Historical imagery. Ki nemi garin Keta a gabashin Gana, inda 'yan Denmak suka gina sansanin Prinzenstein a 1784. Teku ta cinye babban sashensa, abin da ya rage kaɗan ne. Ɓarnar ta riga zamanin hotuna masu kaifi, don haka rushewar kanta ba za ta fito ba, amma za ku ga ragowar ginin da jerin duwatsun da aka zuba cikin ruwa don tare igiya. Ki kiyaye wannan: teku na cika tana janyewa kullum, saboda haka bambancin bakin ruwa a hotuna biyu ba hujja ba ce. Ki kwatanta da abin da ba ya motsi, kamar bango ko titi.

Tambaya: Wannan abu yana shanye mini data. Ba yadda zan sauke hotunan in kalla ba intanet?

Amsa: Taswirar da Google Maps ke bari a sauke tituna ce kawai, ba ta haɗa da hoton tauraro. Ka kashe gine-ginen 3D, ka rubuta sunan wuri ka sauka kai tsaye maimakon shawagi a kan gaɓa, sannan ka ɗauki hoton allo na abin da kake son sake kallo. Mai kwamfuta yana da sauƙi, domin Google Earth Pro na ajiye wuraren da aka riga aka buɗe, har gigabait 2.

Tambaya: Na gama da na Gana. Ina kuma zan nufa?

Amsa: Mombasa a Kenya. Sansanin Fort Jesus da Fotugal suka fara ginawa a 1593, daga sama ne kaɗai ake ganin siffarsa ta mutum kwance, kansa wajen teku. Sai sansanin Ƙaitbay a Iskandariyya ta Masar, na 1477, wanda aka gina a gurbin tsohuwar hasumiyar jirage. Duk wanda ka gano ka dasa masa alama cikin kundi guda, wato abin da ake kira Project a Google Earth, ka rubuta shekara da maginin. Za ka iya fitar da shi a fayil na KML, wato fayil mai ɗauke da alamomin taswira, ka tura wa abokai ta WhatsApp su buɗe a wayoyinsu.