Tambaya da Amsa: Turawan ƙauye masu shafa baƙi a fuska

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da wani tsohon hoto daga wani ƙauyen Amurka, an ce na shekarun 1950 ne. Turawa ne jere a kan dandamali, fuska shafe da baƙi, an zagaye leɓe da fari, suna ta washe baki. A ƙasa an rubuta wai wasan tara kuɗi ne na 'yan kwana-kwanar garin. Wace irin al'ada ce wannan? Wasa ne ko cin mutunci?

Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da kika gani shi ake kira wasan minstirel, kuma tarihinsa na sosa mini rai.

Wajen 1830 wani Bature ɗan wasa, Thomas Rice, ya fara hawa dandamali da tsummokara a jiki da baƙi a fuska, yana rawa yana kwaikwayon bawa da ya sa wa suna Jim Crow. A 1843 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar Virginia Minstrels a birnin New York, daga nan abin ya zama sana'a. Sukan ƙona ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, su kwaɓa tokar su shafa. Sai su zauna a jere kamar rabin da'ira, mai gabatarwa a tsakiya, 'yan barkwanci biyu, Tambo da Bones, a gefe da gefe. Baƙin mutum a wasan kullum rago ne, wawa, mai murna da bautarsa. Har banjo, abin kiɗa mai tsirkiya da suke kaɗawa, asalinsa kayan kiɗan ƙwarya ne da bayi suka je da iliminsa daga Afirka ta Yamma. Da kayan mutum aka yi masa dariya.

Hoton naki kuwa daga baya ne. Bayan manyan ƙungiyoyi sun mutu a farkon ƙarni na 20, sai wasan ya koma hannun 'yan sa-kai a ƙauyuka: makarantu, coci-coci, ƙungiyoyin mata, 'yan kwana-kwana. Kamfanin T.S. Denison na Chicago yana sayar musu da littattafai ɗauke da barkwanci da waƙoƙi da yadda ake shafa tokar. Manomi da mai shago da malamin makaranta su yi makonni suna gwaji, a sayi tikiti, a gyara rufin coci.

Na yarda da yawansu ba su ɗauka mugunta suke yi ba, kuma nan ne ciwon yake. Akwai garuruwan da yaro zai girma bai taɓa zama da baƙar fata ba, abin da ya sani kawai wannan fuskar da babansa ya shafa. Ba kuwa a rasa masu jan kunne ba: tun 1848 Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya rubuta a jaridarsa cewa masu wasan sun saci launin fatar da ba tasu ba don neman kuɗi. Dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka ma sunan Jim Crow suka ci.

Don haka amsata ita ce cin mutunci ne, ko da an yi shi da fara'a. Sai da gwagwarmayar 'yancin baƙar fata ta shekarun 1960 ta yi ƙarfi kafin aka fara jin kunyarsa. Jami'ar Vermont da ke Amurka ta daina bikinta mai irin wannan wasa a 1969, a Ingila kuma BBC ta ci gaba da nuna irinsa a talabijin har 1978.